Maɗacin Kawu Basil

Duk ranar da iska ta kayar da bishiya a garin nan, sai an cika rediyo da kiran waya. Mutumin da ya sauka Darwin shekaranjiya da akwatinsa, ko hanyar kasuwa bai gama sani ba, shi ne zai buɗe baki ya ce wane marar tunani ne ya cika gari da maɗaci. To ni na san marar tunanin. Ƙanin mahaifiyata ne, sunansa Basil, shekararsa saba'in da takwas, kuma ina da tabbacin motar mai kiran wayar tana ajiye a inuwar da shi ya dasa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ba wanda ya sa ni. Shi kansa in ya ji, cewa zai yi, "Glenda, ke dai ba ki da aikin yi."

Abin da ya tunzura ni ya faru bara. A unguwarmu akwai wani ƙaramin lambun shan iska a kan gaɓar teku, da benci biyu, da famfo, da lilon yara. A tsakiyarsa akwai maɗaci wanda mutum uku ba sa iya rungume shi. Cikin duk waɗanda Kawu ya dasa da hannunsa kuma yake iya nunawa ya ce wannan nawa ne, shi kaɗai ya rage a tsaye. Wata Lahadi a watan Agusta muka je muka tarar an shafa masa fenti rawaya, an liƙa takarda cewa za a sare shi kafin damina ta kankama.

Amma bari in fara da mutumin.

An haifi Kawu a cikin bukkokin kwanon nan da sojoji suka bari bayan yaƙin duniya na biyu, inda ake raba ɗaki da ɗaki da buhu. Kakanmu daga ƙasar Filifin ya zo yin nutso a teku don ciro kawa mai lu'ulu'u, kakarmu kuwa 'yar ƙasar nan ce tun asali. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya bar makaranta ya shiga leburancin yankan ciyawa a lambunan gari, kuma bai sake wani aiki ba har ya yi ritaya. Shekara arba'in da shida. Ba a taɓa ba shi ofis ba, ba a taɓa sa hotonsa a jarida ba. Ranar da ya bar aiki agogon bango suka ba shi, wanda ya tsaya tun kafin a shekara.

Ina da shekara shida guguwar Tracy ta zo, a Kirsimetin 1974. Mu yara da mata aka kwashe mu a jirgi zuwa kudu, maza suka zauna. Da muka dawo, abin da na fi tunawa ba rusassun gidaje ba ne, rashin ganye ne. Gari ya zama kamar kazar da aka fige. Ba inuwa, ba tsuntsu, kwanon rufi a warwatse yana ta mayar wa mutum da rana a fuska. Wanda bai yi bazara a Darwin babu inuwa ba, don Allah ya yi shiru a wannan magana. Mutane inuwa suke so, kuma yau suke so, ba bayan shekara talatin ba. Maɗaci kuwa, da aka kawo irinsa daga Afirka, shekara biyar ya ishe shi ya rufe mota. Sai aka ba kowane lebura baro da diga da shebur, aka ce dashe arba'in a rana. Kawu ya yi shekara uku yana wannan, daga filin ƙwallo zuwa harabar makaranta zuwa bakin titi.

A wajen dashen ya samu mata. Anti Thelma, Allah ya ji ƙanta, tana cikin masu dafa wa ma'aikata abinci, ita ke zagayawa da butar shayi. Ranar da yake dasa na lambun unguwarmu abokin aikinsa ya tafi ɗebo ruwa, sai ya ce mata, "'Yammata, ajiye butar nan ki riƙe min wannan." Ta riƙe, ya tura ƙasa, ya tattake. Bishiyar ta tashi da ɗan karkata wajen teku, kuma shekara arba'in suna musu a kan wannan karkatar. Shi ya ce ita ta riƙe a karkace don tana satar kallonsa. Ita ta ce me za a kalla a jikin mutumin da ƙafafunsa kamar tsinken tsire. Ba su haihu ba. Ni ce 'yar da suke aro duk hutu.

Da ya yi ritaya suka tsiri zagayen lambuna, kowane lokaci na shekara da wurinsa, kuma ba a sauyawa. Bayan rasuwar Anti, idonsa ya yi rauni aka karɓe lasin ɗinsa, sai zagayen ya faɗo kaina. Ina aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kuma na zama direban Kawu, direban da ba a gode wa.

"A hankali dai, Glenda, ba asibiti za mu ba."

"Kawu, keke ya wuce mu."

"Bar shi ya wuce, shi ya san abin da ya baro a gida."

Da damina Fogg Dam muke zuwa, lokacin da ruwa ya shafe fadama, bado ya buɗe har iyakar gani, farare da ruwan hoda, tsuntsaye suna takawa a kan ganyen kamar a tsakar gidansu. Ba ma fita daga mota saboda kada. Sai ya sauke gilashi, ya zuba shayi a murfin fulas, ya yi ta kallo rabin awa, sauro na cin rabonsu a jikina. In ruwa ya hana tafiya nesa, babban lambun itatuwa na cikin gari za mu, ya tsaya da lema a ƙarƙashin manyan bishiyoyi yana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗi na ta kuka a magudana. Wajen Afrilu, in iskar nan ta zo ta kwantar da doguwar ciyawa, mazari suka cika sararin lambu da fikafikansu kamar gilashi, sai ya ce, "Rani ya aiko." Bai taɓa duba kalanda ba.

Da rani kuwa Berry Springs ne, da zarar masu gadin daji sun gama binciken kada sun buɗe ƙofa. Da can yana ninƙaya, yanzu ƙafa kawai yake tsomawa, ƙananan kifaye suna tsattsakurar masa dunduniya yana ce musu su ci a hankali, tsohon nama ne. Safiya da ɗan sanyi, sama wasai, can nesa hayaƙin ƙonan daji da shirwa suna shawagi a kansa. Da yamma mu biya East Point mu ga ƙananan kangaru sun fito kiwo, rana ta faɗa teku ja wur, baƙi 'yan kudu suna ta tafi kamar ita ma biyan ta aka yi. Abincinmu ba ya sauyawa: shinkafa da kaza mai kori, da ɗan kwalbar yajin jatan lande irin na gidanmu, wanda in aka buɗe shi mutanen benci na kusa suke matsawa.

In bazara ta shigo, gari ya yi ɗumi kamar an rufe tukunya, hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba, mutane su fara faɗa a layin shan mai ba dalili, to Howard Springs za mu, inda inuwa ta yi kauri har kana jin sanyinta a wuya. Mu jingina da ƙarfen gada mu kalli manyan kifaye da kunkuru. A hanyar dawowa tsuntsayen dinya sun cika gonakin mangwaro, shi kuma sai ya sa na tsaya mun sayi kwali guda.

Amma kowace Lahadi da safe, ko wane lokaci ne, lambun unguwarmu ne, a bencin da ke ƙarƙashin maɗacin. Nan muke haɗuwa da Baba Manoli, tsohon kafinta ɗan Girka, abokin Kawu tun suna samari. Kullum yana can ƙasa kan duwatsu da ƙugiya, kullum da bokiti fayau yake hawowa.

"Manoli, yau ma kifin ya ce a gaishe ka?"

"Rufe min baki, mai yankan ciyawa. Na kama na sake shi, ƙarami ne."

"Shekara talatin kana sakin sa, har yau bai girma ba?"

A watan Maris na 2018 guguwar Marcus ta zo. Ba ta kai Tracy ba, gidaje sun tsaya, amma bishiyoyin maɗaci suka zube kamar an yi musu kiranye. Kan motoci, kan katanga, kan wayar wuta. Da hanya ta buɗe Kawu ya ce in kai shi ya gani. Kwana uku muna yawo daga lambu zuwa lambu. Duk wadda muka je tana kwance, saiwarta ta tashi sama, faffaɗa kuma siririya kamar faifai. Sai ya sauka da ƙyar, ya zura sandarsa a ramin da bishiyar ta bari, ya ciro ya dubi inda laka ta tsaya, ya koma mota. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai, ga rashin mata bai cika shekara ba, ga wannan. A lokacin ne aka fara zagin masu dashe a rediyo, ni kuma na fara kashe rediyon da ƙarfin da sai da maɓallin ya cire. Na lambun unguwarmu bai faɗi ba. Reshe ɗaya ya yar, ya tsaya abinsa. Na ce a raina ko ba komai an bar masa wannan.

Shi ya sa da na ga fentin nan bara, idona ya rufe. Takardar ta ce wani mazaunin unguwa ne ya kai rahoto, aka zo aka duba. Wani mazaunin unguwa! Nan take na san ko wane ne, ko kuma na ɗauka na sani. Akwai wani baƙo daga Melbourne da ya gina gida mai gilashi a tsallaken titi, kuma maɗacin yana tare masa ganin teku. Daga ranar na daina amsa gaisuwarsa. Ranar da ya ɗaga min hannu a kanti, sai da na gaya masa a gaban mai karɓar kuɗi cewa wanda yake son ganin teku ya sayi jirgin ruwa. Mutumin ya ɗauki kwalin madararsa ya fita.

Kawu kuwa ya karanta takardar, hancinsa kusan yana taɓa ta, ya koma benci ya zauna.

"Ba za ka ce komai ba?"

"Zuba min shayi."

Na rubuta takardar koke, na bi gida gida. Na kai ta coci, na kai ta kasuwar Lahadi na tsaya kusa da mai sayar da miyar laksa inda layi ya fi tsawo, na sa malaman makarantarmu duk sun sa hannu har da mai shara. Baba Manoli ya sa hannu sau biyu, ɗaya da rubutun Girkanci, wai ba za su gane ba. Mutum ɗari uku da 'yan kai na tara. Layin farko na bar shi fili don Kawu, tunda bishiyarsa ce.

Sati na farko ya ce ya manta tabarau. Sati na biyu ya ce biron ba ya rubutu, alhali yanzu na gama rubutu da shi. Sati na uku, muna Howard Springs, na shimfiɗa masa takardar a kan ƙarfen gada, na ba shi tabarau, na ba shi sabon biro. Ya ce in dubi wancan kunkurun, ya yi kama da Manoli. Na ce masa ni ba yarinya ba ce, ina ta zubar da mutuncina a kasuwa saboda shi, shi kuma yana min wasan kunkuru. Ya ce, "Ajiye min layin, 'yar nan. Ba gudu zai yi ba." Har muka iso gida ban ƙara yi masa magana ba, ko mangwaron ban tsaya ba.

Ofishin da ke kula da lambuna suka amsa cewa mai duba lafiyar bishiyoyi zai same mu a wurin ranar wata Alhamis da la'asar, ƙarshen Oktoba. Kafin ranar an yi ruwa uku masu kyau, ciyawar da ta ƙone ta fara kore. Zafi kuwa ba a magana, rigata ta manne min a baya. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, yana ta gurnani can nesa. Yara biyu suna kan lilo, uwarsu tana latsa waya. Baba Manoli ya hawo da bokitinsa don kada a yi ba shi.

Mutumin ya zo a kan lokaci. Sunansa Anselmo, magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu, iyayensa 'yan Timor ne, na ma san mahaifiyarsa a coci. Ya cire hula.

"Barka da yamma, Anti."

"Ban zama antinka ba sai ka goge fentin nan."

Na miƙa masa takardun, na fara. Na gaya masa shekarun bishiyar, na gaya masa wanda ya dasa ta ga shi nan zaune, na ce Marcus da kanta ta zo ta gwada ta ta haƙura, sai shi da ɗan fentinsa zai fi guguwa sani? Na ce ganyenta kore shar, ba kogo, ba gara, in ya isa ya nuna min ciwon. Na ce kuma na san munafukin da ya kai ƙara, na nuna gidan gilashin da yatsa. Anselmo bai katse ni ba. Abin da ya ba ni haushi, ba ni yake kallo ba, Kawu yake ta satar kallo kamar ɗalibin da ke jiran malami ya cece shi.

Sai iskar da ke gaban hadari ta iso, mai sanyin nan da ƙamshin ruwa. Ganye ya fara zuba. Kawu ya dogara sanda ya miƙe.

"Glenda, cire takalminki."

"Kawu, magana muke yi."

"Cire, na ce. Kai ma Manoli, in ƙafar taka za ta iya fitowa ba a kira 'yan kwana-kwana ba."

Ya ja mu bayan bishiyar, ɓangaren da ba ta karkata ba, kamar taku huɗu daga gindinta, ya ce mu tsaya cik. Ciyawa a jiƙe, da ɗumi. Na buɗe baki zan ce wannan wane irin shirme ne, sai iska ta buso da ƙarfi, rassan suka sunkuya wajen teku, na ji ƙasa ta ɗaga ni. Kaɗan ne, bai fi kaurin yatsa ba. Iskar ta lafa, ƙasar ta sauka. Ta sake busowa, ta sake ɗagawa, kamar ina tsaye a kan ƙirjin mai barci. Baba Manoli ya yi alamar gicciye ya ja da baya har ya taka bokitinsa.

"Damina biyu ke nan ina jin motsin nan a ƙarƙashin benci," in ji Kawu. "Ba mai gidan gilashi ba ne. Ni na kira su."

Na dubi Anselmo, ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

"Ya ce kada in faɗa, Anti."

Kawu ya buga ƙasa da sanda. Ya ce nan ƙasa iya gwiwa ce kawai, daga nan sai marmara, jan dutsen nan da diga ke tsalle a kansa. In za ka fasa shi, rami ɗaya sai ya ci maka yini, su kuma arba'in ake jira. Saboda haka iya gwiwa suke haƙawa su tura dashe su wuce. Sannan aka shimfiɗa ciyawa, aka kafa famfunan feshi, kowace safiya ta Allah ruwa na sauka a sama duk tsawon rani, don mutanen garin nan ba sa son ganin ciyawa ta bushe. Bishiyar da ruwa ke zuwa mata har baki, me zai sa ta wahalar da kanta neman na ƙasa? Sai saiwar ta bazu a sama, kai ya yi ta girma, ƙafa babu. Ya ce a ƙasarsu maɗaci wata shida yake yi da ƙishi, shi ya sa yake kafa ƙafa. Nan kuwa shagwaɓa shi aka yi.

"Ni na haƙa ramin nan, na san zurfinsa. Bayan Marcus duk wanda na auna bai wuce gwiwa ba. Kuma ni na yi shekara talatin ina buɗe masa famfo."

"To ai ba laifinka ba ne, sa ka aka yi!"

"Ban ce laifi ba. Inuwa aka nema, an kuma sha ta shekara arba'in da wani abu." Ya ɗaga sandar ya nuna inda bishiyar ta karkata. Lilon yana daidai wurin, yaran suna ta shillo suna ihun murna da iska. "Damina ɗaya na yi shiru saboda Thelma. Ta biyu na kasa barci. Da tana nan, da tun ta farko ta ja kunnena zuwa ofishin."

Na tambaye shi don me ya bar ni wata biyu ina yawo da takarda kamar mahaukaciya, har na ci mutuncin bawan Allah a kanti. Ya ce ya yi niyyar faɗa min tun ranar farko, sai ya ga yadda na hau, kuma tun ina shekara shida ba a tare ni in na hau. Ya ce kuma, gaskiya, ya ji daɗin ganin mutum ɗari uku sun san da bishiyar. Baba Manoli ya ce ɗari uku ba ɗaya, tunda shi biyu ne. Ban yi dariya ba. Na karɓe takarduna daga hannun Anselmo, na je na ce wa matar nan ta sauke 'ya'yanta daga lilo. Ruwa ya sauko muna hanyar mota.

Washegari aka kewaye wurin da igiya, ranar Litinin aka sare shi. Na ce ba zan je ba, na je. Kawu ya kafa kujerarsa ta naɗewa a bakin titi da fulas ɗinsa, ya kalla tun daga reshen farko har kututture, ƙamshin ɗanyen katako mai ɗaci ya cika unguwa. Da aka tumɓuke gindin ya taka ya zura sandarsa. Iya gwiwa. Ya gyaɗa kai ya ce mu tafi. Anselmo ya sa an yanka masa falle biyu masu kauri daga jikin, ja kamar nama, suna can a rumfar Baba Manoli suna bushewa. Shi Manolin ya yi alkawarin benci, ko da yake Kawu ya ce in aikin Manoli ne, gara a fara neman wurin zama a ƙasa.

A watan Disamba aka dasa tsamiya a gurbin. Kawu ne ya zaɓa, don ba ta gaggawa kuma ba ta sakin ƙasa. Ya kafe sai an kawo injin fasa dutse an huda marmarar, ya tsaya a kansu har sandarsa ta shige duka, hannunsa ya bi ta zuwa gwiwar hannu. Ya sa aka binne bututu a gefe don ruwa ya riƙa sauka can ƙasa, ya sa aka toshe famfon feshin da ke kusa. Ni na riƙe dashen aka tura ƙasa. Da aka gama ya ja baya ya kanne ido ɗaya.

"Kin karkata ta."

"Kawu, kada ka fara."

Mai gidan gilashi kuwa, kwalin mangwaro na kai masa har ƙofa, na ce na yi kuskure. Ya ce shi ma yana kewar bishiyar, yanzu rana har cikin falonsa. Na ce to ya sayi labule.

Har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba na jin zai huce. Ba da Anselmo nake ba, aikinsa ya yi. Da masu kiran rediyo nake, waɗanda ba su taɓa riƙe diga ba, ba su ga garin nan ranar da babu ganye ɗaya a cikinsa ba. Mutanen da suka ba mu inuwa cikin shekara biyar leburori ne irin Kawu, yawancinsu sun mutu, babu ko allo ɗaya da sunansu. In za a faɗi kuskurensu a faɗa, shi ma ya faɗa da bakinsa, kuma shi ya kira a sare abin da ya fi so a garin nan. Amma a faɗa da ladabi.

Zagayenmu yana nan. Bana mun ga bado, mun ga mazari, mun tsoma ƙafa a Berry Springs. Ranar Lahadi kuma muna zuwa lambun unguwa mu zauna a tsohon benci cikin rana tsaka, ni ke riƙe lema. Tsamiyar ta kai min ƙugu. Baba Manoli ya ce Kawu zai sha inuwarta in an yi tashin matattu. Bokiti ɗaya Kawu yake zuba mata a bututun duk sati, ko ɗigo ba ya ƙarawa. Makon jiya, da rani ya yi nisa, na ga ganyenta ya yi laushi, tausayi ya kama ni, na faki idonsa na buɗe gorar ruwana zan tsiyaya mata a gindi. Mutumin da aka ce ba ya gani, sai jin sanda na yi a bayan hannuna.

"Bar ta ta ji ƙishi," ya ce. "Ruwan yana ƙasa, ta sauka ta same shi. Zuba min shayi."